Ɗigo a Mazaunin Goge

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan kasuwa ta watse, ɗaliban aikin jinya uku da aka turo Filinge koyon aiki suka biyo ta gidana gaisuwa. An gaya musu akwai wani tsohon manjo a unguwar, wato tsohon shugaban masu jinya, wanda ya yi shekara talatin da ƴan kai yana hidimar masu tiyatar hanji. Ina jin sun zo ne su ga irinmu tun ba mu ƙare ba, yadda ake kai ƴan makaranta gidan tarihi. Ba su gama shan ruwa ba sai ɗayarsu, Ramatu, ta miƙo mini salula.

"Baba Manjo, ka taɓa ganin wanga?"

Na sa tabarau. Na'urar nan ce da suke kira robo, mai hannu huɗu, tsaye a kan majinyaci, hannuwan sun shige cikinsa ta ƴan kafofin da ba su fi faɗin yatsa ba. Likitan yana can kusurwar ɗaki a zaune, ya cusa fuska cikin wani akwati, yana motsa yatsu kamar mai tsince tsakuwa a gero. Ciwon daji suke cirewa daga ƙarshen babban hanji, dab da dubura.

"Ko jini babu," in ji wani dogo cikinsu mai suna Sumaila. "Nan gaba kaɗan aikin hanji ya zama wasa. Ka zauna, ka danna. Da akwai ta a zamaninku, Baba, da ba ku tsufa da wuri haka ba."

Na gode masa da ya lura.

Ba ni da faɗa da na'urar nan, na kuma karanta game da ita gwargwadon abin da ya iso hannuna. Wanda duk ya taɓa tsayawa awa biyar yana riƙe da ƙarfen buɗe ciki ya san amfaninta. Ƙugun namiji rami ne mai zurfi da matsi. Ciro ƙari daga can ƙasansa kamar ɗauko allura ne daga gindin tulu mai ƙaramin baki, kana leƙe da ido ɗaya. A gefen wurin kuma akwai jijiyoyi sirara kamar zare, waɗanda fitsarin mutum da mazakutarsa suka dogara a kansu. Ka tsinke su, mutum ya warke daga daji ya koma gida da wani baƙin cikin. Hannun na'urar yana lanƙwashewa inda na mutum ba ya iyawa, idonta yana girmama ƙaramin abu. Wani lokaci hakan yakan ba likita damar haɗa hanjin can ƙasa, mutum ya ci gaba da zagayawa ta hanyar da Allah ya yi masa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma na sa Ramatu ta mai da hoton baya, can farko, kafin a lulluɓe majinyacin da ƙyalle. A gefen cikinsa akwai wani baƙin ɗigo da aka kewaye da alƙalami. Babu wanda ya lura da shi cikin su ukun. Na ce musu wannan ba na'ura ta yi shi ba, wani ne irina ya yi shi tun ana gobe tiyata, da bik, wato biron aljihunsa. Sun yi dariya, magariba kuma ta kawo jiki, suka tafi ban gama ba. Shi ya sa na zauna in rubuta musu sauran.

Ga ma'anar ɗigon. Idan aka cire ƙarshen hanji ba a sami abin haɗawa ba, ko aka haɗa ana so ɗinkin ya huta, sai a fito da bakin hanjin ta fatar ciki, a manna masa jaka, bahaya ya riƙa zuba ciki. Mu a ɗakin jinya ƙofa muke ce wa wannan baki. Likita ne yake yanka ƙofar, amma mai jinya ne yake zaɓar inda za ta zauna. Aikin minti ashirin ne, mai cikin kuma zai zauna da shi iyakar ransa.

Ɗigona na farko a cikina aka yi shi. Zamanin mulkin soja ne, a wani asibiti a Yamai, lokacin da ma'aikaci yake isa wurin aiki kafin lokaci don bai san safiyar da babba zai faɗo ba sallama. Likitan sashenmu ma soja ne, Kumandan muke ce masa. Amma wadda ta koya mini aiki Madam Zalika ce, gajeruwar mace da Kumandan kansa yake gyara tsayuwa in ta shigo. Na fito makaranta da littafi a kai. Ta ce in nuna mata a jikina inda littafin ya ce. Na nuna. Ta ɗiga, ta cika jaka da kunu, ta manna mini, ta ce in dawo mata da ita bayan kwana uku. Na hau mobilet, ɗan babur ɗina, da ita, na ci tuwo da ita, na kwana rigingine kamar gawa. Rana ta biyu, a sahun Azahar, na sunkuya ruku'u, zariyar wando ta tokare gindin jakar, ta ɓalle. Da liman ya yi sallama, na kusa da ni ya dubi ƙafarsa, ya dube ni, ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

Da na kai mata labari ba ta ko murmusa ba.

"Kai naka kunu ne," ta ce. "Je ka yi tunanin wanda nasa ba kunu ba. Gobe ka sake nuna mini wurin."

Kayan aikin ba su da yawa. Bik, da reza, da almakashi mai lanƙwasasshen baki, da wani zobe da muke yankowa daga kwalin magani daidai faɗin mannin jaka, sai kujera marar hannu. Ƙa'idar ma ana iya haddace ta a zama ɗaya: nesa da cibiya, nesa da ƙashin ƙugu, nesa da tabo, nesa da inda tumbi yake ninkewa, a kan tsokar da ta miƙe tsakiyar ciki, a kuma inda mai abin zai iya gani da idonsa. Ka duba shi a kwance, a zaune, a tsaye, a sunkuye. Abin da ba ya haddatuwa shi ne mutanen. Akwai alhajin da rabonsa da ganin ƙasan cibiyarsa tun yana saurayi, shi dole a hau da ƙofarsa sama. Akwai mai goyo, wadda ƙullin zanenta yake zama daidai inda littafi yake so. Akwai mai raƙumi, da yake wuni da ƙafafu harɗe a wuyan dabba. Ga kuma mutanenmu na Kurfai, wato ƙasar Filinge, da guru da layu a ƙugu, wani ya yarda ya matsa da su, wani ya ce ai gara a matsa da hanjin.

Kusan dukansu da sunan basir suke zuwa. Mutum ya ga jini a bayan gida, ya je kasuwa, mai magani ya ba shi jiƙo, ya sha damina biyu. Sai ya fara ramewa, bahaya ya koma siriri kamar igiya, sannan a ɗauko shi. Kumandan yakan ce kayan aikin da ya fi kowanne araha a asibitin shi ne yatsa cikin safar hannu, shi ne kuma wanda aka fi ƙyashin amfani da shi, don mai duba yana jin kunya, wanda za a duba yana jin kunya, shi kuwa ƙarin ba ruwansa da kunyar kowa.

Arzika ya zo mana cikin wata bazara, bayan soja sun miƙa wa farar hula mulki, Madam Zalika kuma ta yi ritaya ta bar mini kujerarta. Siririn dattijo ne, zai yi sittin, daga wani ƙauye arewa da Filinge a kan hanyar Sanam. Yatsan Kumandan bai shige gaɓa ɗaya ba ya ci karo da ƙarin. Babu abin haɗawa ke nan, za a cire duka, ƙofarsa ta har abada ce. Da yake ɗan ƙasarmu ne, ni aka bar wa yi masa bayani da ɗiga masa.

Takardar da muke cikewa tana da gurbin sana'a. Ban ce masa mene ne sana'arka ba. Na dubi rigarsa da takalmansa, na ce:

"Baba, noma aka yi ko?"

"Ana taɓawa," in ji shi.

Na rubuta manomi. Ni haifaffen Kurfai ne, ya kamata in tuna cewa a ƙasarmu liman yana taɓa noma, maƙeri yana taɓawa, ɓarawo ma yakan taɓa in damina ta yi kyau.

Na ba shi sandar goge daɓe ya kwatanta mini turin hauya, ya kwatanta. Na ce ya yi mini ruku'u da sujada in ga inda cikin yake ninkewa. Ya ɗan yi jim, sannan ya yi wani abu mai kama da su, kamar wanda allura ta faɗo masa yana nema. Na ɗauka zafin ciwo ne. Daga nan na ɗaga rigarsa sosai, sai na ga abin da ban taɓa gani ba a shekaruna. Gefen hagu, ƙasa da cibiya kaɗan, akwai wani fili kamar tafin hannu, fatar ta fi sauran duhu, sumul, babu gashi ko ɗaya, ga ƙarfi. Ya zauna, ba ta ninke ba. Ya sunkuya, ba ta ninke ba. Nesa da ƙashi, nesa da zariya, yana kuma ganin ta ba tare da ya wahala ba. Kamar an share wuri ana jirana. Na aza zoben kwali, ya zauna daram. Na ɗiga bik a tsakiya, na kewaye.

Arzika ya daɗe yana kallon ɗigon. Sannan ya ɗago.

"Nan?"

"Nan, Baba. Duk cikinka babu wurin da ya hi shi."

"To," ya ce. "Ku kunka sani."

Na ɗauki wannan a matsayin yabo. Har Kumandan na jawo ya zo ya ga kyan wurin.

Tiyata ta yi kyau. Kwana goma yana yawo a baranda. Ban taɓa samun wanda ya koyi canza jaka da sauri kamarsa ba. Yatsunsa na hagu suna da wata irin basira, su ɗaga manni, su share, su daidaita, ba ya ko kallon su. Na ce masa da ya yi boko da likita ya zama. Ya ce Allah ya tsare. Muka sallame shi da jakunkuna na wata uku.

Shekara ba ta zagayo ba aka mai da ni gida Filinge, ita ce kuma ta zama muguwar shekararmu. Soja suka sake karɓe mulki, masu ba da taimako daga waje suka tattara nasu suka tafi, jakunkunan nan kuwa ta hannunsu suke zuwa. Cikin wata biyu babu ko ɗaya daga nan har Yamai. Ina da masu ƙofa a ƙauyuka, daga Imanan har can arewa, kowa kuma ya san gidana. Sai muka koma ƙira. Murfin robar gwangwanin madara nake hudawa a tsakiya, in goge bakin da wuta don kada ya yi kaifi. Ledar da ake ƙulla sukari ita ce jaka, a zura ta cikin zoben a naɗe bakin. Wani mai facin keke a bakin tasha yana yanko mini tsohon tub a yi ɗamara. Fatar da bahaya ya ci kuma mu shafe ta da man kaɗe. Ba kyau gare shi ba, yana kuma ƙara in mutum yana tafiya, amma da shi mutane suka shiga sahu, suka je suna da jana'iza. Wanda ya ce aikinmu danne-danne ne, ina so in ba shi murfin madara da reza in ga abin da zai danna.

Wata Lahadi a cikin shekarar aka sauke Arzika daga amalanken jaki a ƙofar ɗakin wankin miki. Ƙofarsa tana zubar da jini, gefenta ya kumbura ya yi baƙi, shatar zoben ta fito a fatar kamar an buga hatimi. Na yi masa faɗa irin namu, na ce yana ɗaure ɗamarar da ƙarfi. Na sake masa zobe, na naɗe bakin da auduga. Bayan mako biyu ya dawo da irin raunin, a wurin dai. Na ce ko yana kwanciya rub da ciki. Ya ce a'a. Na ce ko jaki yake hawa. Ya ce jakin ma ba nasa ba ne.

Zuwa na uku da wata jakar fata ya shigo. Ya jira na sallami kowa, ya tura ƙyaure, ya zauna a ƙasa ya harɗe. Ya kwance bakin jakar ya fito da goge, tsoho, ƙoƙonsa ya yi baƙi don shan hannu, fatar guzar da aka rufe shi da ita ta yi sheƙi. Ya kama wuyan da hannun hagu, ya jawo ƙoƙon jikinsa ba tare da ya duba ba. Ƙoƙon ya sauka a kan ƙofar cikinsa kamar murfi a bakin tukunya.

Filin nan mai kyau da na yi ta yabo kanta ce. Shekara arba'in ƙoƙon goge yana zama a wurin.

"Tun yaushe kaka gogawa?" na tambaye shi.

"Tun ban yi gemu ba."

"Mi ya hana ka hwaɗa mini a Yamai?"

"Ba ka tambaye ni ba, Manjo. Kai kah hwaɗa mini ni manomi na. Kas sa ni salla, na yi maka salla."

"Amma da ka ga inda na ɗiga ai sai ka yi magana."

Ya gyara zaman gogen a cinya.

"Da kaɗ ɗiga alƙalami tsakiyar kantar, sai nic ce wanga yaro ya gane ni. Ya ga mazaunin goge, shina nuna mini nan ciwon yah hito, goge yaj jawo shi, a toshe wurin in huta. Ku masu karatu ai ba ku zagi da baki."

Ashe Arzika shi ne mai gogen borin garinsu. Garin na masu addinin gargajiya ne, kowace shekara kafin ruwan shuka sukan yi wasa su kira Doguwar garin, ta hau wata tsohuwa, ta faɗi abin da take so da abin da damina za ta zo da shi. Kowane iska da nasa take, taken kuwa duk a yatsun Arzika suke, daga ubansa ya karɓa. Tun da ya dawo daga Yamai ya rataye gogen, don ya gaskata hukuncin da ya zaci na yanke masa. Baran aka ɗauko wani mai goge daga wajen Bonkuku, ya goga tun hantsi har la'asar, in ji Arzika, ko akuya ba ta ɗaga kai ba. Damina kuma ta zo da gardama. Dattawan gari suka zo suka zauna a ƙofar gidansa. Shi ne ya sauko da gogen yana gwadawa a ɓoye, ƙoƙon yana danna zoben, zoben yana cin naman.

Na gaya masa goge ba ya kawo ciwon daji, ba a nan ciwon ya fito ba, ban kuma san mai goge ne shi ba. Na ce da na sani da akwai wuri sama kaɗan da zai yi, kuskuren nawa ne.

"Ashe," ya ce. Bai ƙara komai a kai ba, har ya bar duniya.

Mun gwada abin da za a gwada. Na naɗa masa gammo na tsumma ya kewaye ƙofar, ƙoƙon ya zauna a kai. Ya ja izga, bakan da ake goga tsirkiya da shi, sau biyu ya cire gammon, ya ce gogen yana magana ta hanci, sai ƙoƙo ya taɓa ciki murya take fita. Ya hau da shi kan haƙarƙari, hannun bai kai tsirkiya yadda ya saba ba. Ya sauko da shi cinya, ya ce wannan riƙon masu gogen gidan giya ne. Na rubuta wa Kumandan ko za a iya mai da ƙofar wani wuri. Amsar ta zo a layi uku: a shekarar da ake tattalin zaren ɗinki don matan da haihuwa ta gardama, ba zai sake buɗe cikin ɗan sittin da ya warke ba saboda kiɗa, in ma ya buɗe babu tabbacin zai tashi. Gaskiya ya faɗa. Na karanta wa Arzika ita yadda take.

Can ya ɗaga riga, ya dafa gefen dama na cikinsa.

"Wanga gehe hwa? Akwai wani abu naku ciki?"

"Babu."

"Ba ku dawowa ku ce kuna so?"

"Ba mu dawowa."

"To a bar mini shi."

Sai wanda ya san goge zai gane abin da ya ɗauko wa kansa. Taken duk a yatsun hagu suke, su ne suke taɓa tsirkiya su fitar da magana. Dama jan izga kawai ta sani. In ya mai da ƙoƙon dama, sai dama ta koyi abin da hagu ta yi shekara arba'in tana koyo, hagu kuma ta koma jan izga kamar sabon almajirin sana'a. Ga wata matsalar da ta fi wannan. Hannun da yake jan izga shi ne yake miƙa kira, a ƙasarmu kuwa ba a miƙa wa babba ko ƙoƙon ruwa da hauni, wato hagu, balle haunin da kowa ya san shi yake wanke jaka. Rabin dattawan suka ce Doguwa za ta ɗauka raini ne. Sauran rabin suka ce ai ba su da wani.

Duk Lahadi yakan zo karɓar leda, in tambaye shi aiki. Da fari ya ce kajin gidan sun koma maƙwabta. Bayan wata huɗu ya ce matarsa ta daina tura shi bayan gari, ta yarda ya zauna bayan rumbu. Wata rana ya ce ya kama take ɗaya, amma in ya kama shi da safe, kafin la'asar ya tsere. Na ga fatar gefen dama ta fara duhu, na shafa mata man kaɗe, ya ce in bari, so yake ta yi tauri. Shekarar nan ba a yi wasa ba. Sai a ta biyu, ana saura kwanaki hadari ya fara haɗuwa, ya aiko a ce mini ranar Alhamis ne, in zo.

Ni musulmi ne, ba ni da ta cewa game da iskoki, abin da ya kai ni jaka ce. Lokacin jakunkuna na gaskiya sun fara dawowa, na tafi masa da guda goma. Na canza masa sabuwa a bayan rumbu, na ƙara filasta, na koma can gefe aka ba ni kujera. Bayan azahar ne, a ƙarƙashin wani babban gawo, garin duka ya fito. Masu kiɗan ƙwarya uku suka zauna a bayansa. Tsohuwar da Doguwa take hawa, Inna Tamo, tana kan tabarma a gaba, tana cin goro.

Ya shafa wa izga ƙaro, ya fara. Ko ni da ban san kan abin ba na ji yana tuntuɓe. Masu ƙwarya suna jiran sa kamar masu tafiya da gurgu. Ya kai ƙarshe ya sake daga fari. Inna Tamo ta juya tana ba ta kusa da ita labarin akuyarta da ta ɓata. Inuwar gawon ta matsa, mutane suka matsa da ita. Wani dattijo a bayana ya ce wa ɗan'uwansa, da ƙarfin da zan ji, ai an faɗa. Na lura gumi ya jiƙa rigar Arzika, ni kuwa lissafina filastar ce, don gumi ne maƙiyinta.

Wajen la'asar ya tsaya. Ya ɗan zame ƙoƙon baya wajen ƙugu, bai fi faɗin yatsa biyu ba, ya rufe ido, ya sake ja. Ban san abin da ya sauya ba, na dai ga masu ƙwarya sun daina kallon sa, sun sunkuya kan aikinsu. Inna Tamo tana tsakiyar kalma ta yi shiru. Goron ya faɗo daga hannunta. Jikinta ya ɗauki rawa, ta kife, mata suka riƙe ta, sannan ta miƙe tsaye cak, tsohuwar da ɗazu sai da aka kama ta ta zauna. Muryar da ta fito ba ta mai neman akuya ba ce.

"Wa ka kirana da hauni?"

"Ni na, uwar gida," in ji Arzika, bai daina ja ba. "Bawanki Arzika."

"Ina dama?"

"Dama na nan. Mazaunin na anka amshe."

"Wa ya amshe?"

Ya nuno ni da haɓa.

Na karanta littattafai game da abin da yake faruwa a ƙwaƙwalwar mutum a irin wannan hali. Babu ɗayansu da ya faɗi inda mutum zai sa hannuwansa in tsohuwa ƴar saba'in ta ratso taro ta tsaya a kansa tana huci. Na aza su a gwiwa. Ta dube ni daga hula har takalmi. Sai ta miƙa hannu ta zare bik ɗin da yake aljihun rigata, ta juya shi, ta shinshina, ta soke shi a ɗankwalinta. Ta koma tsakiyar fili.

"Goga, bahago," ta ce.

Ya goga har rana ta yi ja. Filastar ta riƙe. Bik ɗin kuwa ban nemi a maido mini ba.

Daga ranar na daina tambayar mutum sana'arsa da baki. Duk wanda za a tura Yamai a yi masa ƙofa, nakan ce ya zo mini da abin da yake wuni da shi a hannu, in ɗiga masa tun daga nan. An kawo mini sirdi, an kawo guga da igiya, wani tela ya sa an ɗauko kekensa a ka. Arzika ya yi damina shida yana kiran Doguwarsu, sannan ciwon ya dawo ta hanta, yadda yakan yi.

Bara na je wani suna a wajen garinsu, na tarar da masu goge biyu, magidanta, dukansu a hannunsa suka koya. Kowanne ƙoƙonsa a dama, izga a hagu. Da suka huta na matsa kusa da babban.

"Malam, mi ya sa kaka jan izga da hauni? Ko'ina da dama nika gani."

Ya dube ni kallon baƙon da bai san komai ba.

"Haka munka gada, Alhaji. Doguwarmu ba ta amsa kiran dama."

"Tun yaushe?"

"Tun kaka da kakanni. Tun ba a gina Filinge ba."

Na gyaɗa kai, na ce masa lalle ta daɗe.